Rowar Takarda

A unguwarmu ana ce mini mai gyaran talabijin, ni kuma ban taɓa musantawa ba, domin sunan ya fi gaskiyar daɗin ji. Gaskiyar ita ce ni mai tara takardu ne. Talabijin ɗin da ke jibge a ɗakin da ke jikin zaure, da rediyoyin da ke kan kabad, da bidiyoyin kaset da suka cika ƙarƙashin gado, duk shaidu ne na ajiye saboda ranar da za a tambaye ni amfanin takardun. Aikin koyarwa na yi har na yi ritaya. Gyara kuwa da yamma-yamma na koye shi a shagon wani dattijo a Tudun Wadar Kaduna, Allah ya jiƙansa da rahama. Shi ya ci abinci da sana'ar, ya aurar da 'ya'ya da ita, ya sauke farali da ita. Ni ciwon na gada daga wurinsa, cinikin ya tafi da abinsa.

Kada a ɗauka ɗan littafin nan nake nufi da ake tararwa a cikin kwali in an sayi sabon kaya, mai nuna wa mutum inda zai danna ya ƙara murya. Wannan na mai saye ne, ko da yake shi ma ban taɓa yar da ko ɗaya ba. Wanda ke hana ni barci kundin gyara ne, wanda kamfani ke bugawa don makanikai kaɗai. A cikinsa akwai taswirar na'urar gaba ɗaya, doguwar takarda da ake warwarewa ninki bayan ninki har ta kusa rufe tabarma, an zana kowace hanya da wuta ke bi tun daga filogi har gilashi. Kowane rizisto da lambarsa da ƙimarsa. Kowace kafasita. Kowace tiransista da adadin wutar da mita za ta nuna a ƙafafunta uku in lafiyarta ƙalau. A gefe an zana surar da sigina zai yi a na'urar awo, a baya kuma ga jerin kayan gyara da lambobinsu, da yadda ake kwance akwatin ba a karya ƙugiyoyin roba ba, da matakan saita launi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya karatun wannan takarda ba ya lalube. Wanda ba shi da ita sai ya yi ta cire kaya yana mayarwa har Allah ya sa a dace, ko mai kaya ya gaji ya haƙura.

A da kamfanoni ba sa ɓoye wannan ilimi. Tsofaffin rediyoyi da yawa in ka cire murfin baya za ka tarar an manna taswirar a jikinsa. A Amurka har sana'a aka mai da abin: a 1946 wani mutum mai suna Howard Sams ya kafa kamfanin da aikinsa ke nan, su samo sabon rediyo ko talabijin, su kwance shi, su ɗauki hotunan cikinsa, su zana taswira, su sayar wa masu gyara a jerin da suka kira Photofact. Kafin shi akwai John Rider, wanda kundayensa na rediyo suka kai mujalladi 23. Ina da wasu daga cikin takardun Sams ɗin, na kwaso su lokacin da ake share sito a wata makarantar koyon sana'a. Na Zenith ne da RCA, talabijin da aka ƙera don wutar Amurka mai bolt 120 da tsarin hoto mai layuka 525, waɗanda ko an kawo su nan babu abin da za su nuna, in ma ba su ƙone da jonawar farko ba. Ban taɓa ganin ko ɗayansu da idona ba. Amma na san inda suke ciwo. Ina da kundayen Grundig da Telefunken cikin Jamusanci, harshen da ko gaisuwa ban iya da shi ba, kuma nakan shimfiɗa su bayan sallar isha ina bin layi da yatsa ina gyaɗa kai.

Mafi munin abin da ciwon nan ya sa ni a wurin mai tsire ya faru. Na sayi nama da daddare aka naɗe mini, ina isa gida na buɗe sai ga lambobin tiransista suna leƙowa ta ƙarƙashin yaji da ƙuli. Shafi ne daga kundin wani talabijin National, ɓangaren launi. Na juye wa yara naman a faranti, na goge takardar da auduga, na zura takalmi na koma.

Na ce, “Malam, ina ka samo takardun nan?”

Ya dube ni sama da ƙasa, da alama ya ɗauka duba-gari ne. Ya ce, “Alhaji, a kilo nake saye. Masu tsafta ne wallahi.”

Na ce ya fito da sauran. Ya jawo buhu daga bayan tukuba, rabinsa takardun jarrabawa, rabinsa dukiya. Na saye buhun a kan kuɗin da kunya ba za ta bar ni in rubuta ba, na kuma yi masa alkawarin tsofaffin jaridu a madadi. Shafukan da babu sun riga sun shiga gidajen mutane da tsire a cikinsu, kuma sai da na buɗe baki zan tambaye shi su wa da wa suka sayi nama tun magariba, sannan wani ɗan sauran hankali ya riƙe ni. Har yau in zafi ya yi kundin nan yana ƙamshin ƙuli.

Da Hajiya ta ga buhun ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, “Malam, gafiya ma in ta tara kaya a rami, cikin abin da ta tara akwai na ci.” Tun daga ranar in ta ji ina jan kwali a zaure sai ta ce wa yara su matsa, gafiya ta dawo daga kiwo.

Su talabijin ɗin kuwa, a yi mini adalci, na iya gyaransu. Ba a nan matsalar take ba. Kawo mini akwatin da ya mutu ka ga yadda jikina ke rawa. In hoto ya tsuke ya bar baƙi sama da ƙasa, ko akwatin sai ya yi ta nawa kafin ya tashi, hankalina na kan kafasitocin nan masu ruwa a ciki, domin zafi na busar da su, zafin garinmu kuwa ba ya musu da sauƙi. In farin layi ɗaya tal ya ratsa gilashi a kwance, ɓangaren da ke kai hoto sama da ƙasa ne ya tsaya, kuma gara a kashe da wuri kafin layin ya ƙona gilashin ya bar tabo na har abada. In akwatin ya yi shiru sai ɗan ƙyas-ƙyas daga ciki, yawanci babbar tiransistar layi ce ta tafi, irin su BU208 da BU508, kuma wanda ya sauya ta bai nemi abin da ya kashe ta ba zai sake sayen wata kafin la'asar. In launi ya yi dabbare-dabbare a kusurwa, sai in tambaya ko an jingina lasifika a jikinsa, domin maganaɗisun lasifika ne ke karkatar da harbin launi. Akwai kuma talabijin da ba ya aiki sai an mare shi, wanda kusan kowane gida an yi irinsa, har akan san wanda hannunsa ya fi sa'a a cikin yara. Ba taurin kai ba ne. Dalmar da ta riƙe ƙafafun manyan kaya ce ke tsagewa saboda zafi da sanyi na yau da gobe, mari ya sa ta haɗu na ɗan lokaci. Ɗigon sabuwar dalma ya raba gardama. Ban da ƙurar hunturu da ke taruwa a wuyan gilashi ta sha laimar damina ta fara tartsatsi, da kyankyasai, da ƙadangaren da ya shiga neman ɗumi bai fito ba.

Duk wannan farautar ita ce daɗin. Zan shimfiɗa taswira, in ɗauki mita, in bi wuta gida-gida har in kama inda ta ɓata. To, ranar da na gano cutar, ranar sha'awar ke mutuwa. Saura a sayo kaya na 'yan kuɗi kaɗan, a narka dalma, a mayar da murfi, a ɗaure sukurori, kuma wannan ne aikin da ke iya ɗaukar ni shekara. Nakan rubuta cutar a guntuwar takarda in manna a goshin akwatin, in tura shi gefe, in jawo na gaba. Ɗakin nan cike yake da marasa lafiyan da aka gano ciwonsu sarai ba a ba su magani ba. In mai kaya ya zo sai in tare shi da fara'a, in kai shi ciki, in nuna masa ainihin kafasitar da ta kumbura, in yi masa bayanin da bai nema ba, sannan in ce, “Ka dawo jibi.” Kowane makaniki a ƙasar nan yana faɗin haka, amma su aiki ne ya yi musu yawa. Ni ba na so akwatin ya tafi ne. In ya tafi, kundinsa ya zama maraya.

Maigidana ya koya mini tsoron gilashin. Talabijin mai launi na tara wutar da ta kai bolt 25,000 a jikinsa, kuma yana riƙe da ita ko an zare filogi. Don haka kafin a taɓa sai a ɗaura waya a sukudireba a haɗa da ƙarfen jikin na'urar, a zura a ƙarƙashin robar nan mai kama gilashi har a ji ƙas, hannu ɗaya kuma yana cikin aljihu. Wannan darasin kam ban taɓa wasa da shi ba, ina kuma son ba baƙi labarinsa fiye da yadda suke son ji. Akwai wani abin da ba na ba da labari. Tsarin hotonmu layuka 625 ne, hotuna 25 a kowace daƙiƙa, wato taransifomar layi tana bugawa sau 15,625 a daƙiƙa, kuma tana fitar da wani siririn fito da kunnen yaro ke ji. Da ina saurayi daga tsakar gida nakan san an kunna talabijin a ɗaki ko an kashe murya. Yanzu kunnen ya yi ritaya tare da ni. Sai in kira jikata in ce, “Zo nan, amarya, kina jin wani abu?” In ta toshe kunne ta ɓata fuska, na san ɓangaren layi na aiki. Ladanta alawa. A cikin kayan awona ita ce ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, amma in abokai suka zo sai in kanga kunne a jikin akwati in yi shiru in ce, “Eh, yana tashi.”

Duk mai ciwo irin nawa yana da huɗubar da yake kare kansa da ita, tawa kuwa tarihi ce. Wanda ya kuskura ya tambayi amfanin tarkacen nan sai ya ji cewa an buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan a Ibadan ran 31 ga Oktoba 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, Jos ce ta fara nuna launi a tsakiyar shekarun 1970, sannan aka haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA a 1977. Zan tuna masa akwatin katako mai ƙofofi da makulli, wanda maigida ke tafiya ofis da mabuɗinsa, da yadda yaran layi ke wanke ƙafa kafin a bar su su shiga kallon Samanja, waɗanda ba su samu shiga ba su yi cincirindo a taga. In bai gudu ba zan shiga bambancin PAL da SECAM: mu mun bi tsarin da Walter Bruch ya ƙirƙiro a kamfanin Telefunken na Jamus, Nijar ta bi na Faransa, shi ya sa akwatin da aka yi don can in ya tsallako iyaka sai launi ya gudu, sai in mai cin tsari da yawa ne. Zan ƙara da na hannu da ake kawowa daga Ingila, masu hoto tangaran ba murya, saboda su muryarsu na kan 6.0 tamu na kan 5.5, sai an sauya 'yar matatar sauti. Zan nuna masa Trinitron, wanda Sony ta fito da shi a 1968, in sa shi ya matso ya ga siririn zaren da ya ratsa gilashin, wanda mutane ke kawo ƙara a kansa suna cewa akwatin ya tsage, alhali waya ce da aka sa da gangan ta riƙe ragar ciki kada ta yi rawa. Duk gaskiya ne. Sai dai babu ɗaya a ciki da ya bayyana dalilin da ya sa babu wurin shimfiɗa sallaya a ɗakin.

In an matsa mini sai in tsallaka Turai. Tun daga Maris 2021 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera talabijin su tanadi kayan gyara na tsawon shekara bakwai, su kuma ba ƙwararrun masu gyara bayanan da suke bukata. Nakan faɗi wannan da ƙarfi, in nuna cewa duniya ce ta dawo kan abin da na daɗe a kai. Ɗana ya taɓa sauraro har ƙarshe, sannan ya ce, “To Baba, su dokarsu cewa ta yi a bayar. Kai wa ka taɓa ba?” Na ce ya je ya duba ko an kawo wuta.

Masu kayan ma galibi sun daina zuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Sony ta daina yin Trinitron tun 2008. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera bidiyon kaset, ya rufe layin a 2016. Wa'adin da ƙasashe suka ɗiba na barin tsohon tsarin watsa hoto ya cika ran 17 ga Yuni 2015, mu muka fara namu sauyin a Jos a Afrilun 2016, kuma duk inda sauyin ya kammala, talabijin mai ƙeya ba zai kama komai da eriyarsa ba sai an haɗa masa dikoda. Filasma ta yi araha, ba ta da nauyi, ba ta shan wuta, ƙaramar sola ma ta riƙe ta. Wa zai ɗauko amalanke ya zo karɓar akwatin da sai ƙarti biyu sun cicciɓa? Ni kuwa duk wanda bai dawo ba, a zuciyata ina yi masa godiya.

Waɗanda ba sa fashin zuwa 'yan gwangwan ne. Su abin da suke nema jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan gilashi da cikin taransifoma; guduma ɗaya su fasa wuyan, su zare wayar, su watsar da gilashin, wanda akwai dalma a cikinsa, a bola inda yara ke wasa. Da farko wa'azi nake musu. Da wa'azi bai ci ba na fara fansar akwatunan a kan abin da ya ɗara kuɗin jan ƙarfen. Yanzu sun gane ni. Kafin su wuce Panteka sai sun biyo ta ƙofata, su tsaya daidai taga, ɗaya ya ɗaga guduma a kan wani tsohon Philips yana kallon gefe, yana jira in fito da gudu ba hula. Ina fitowa kuwa. Farashi ya ninka tun da suka fahimci ba na iya kallo.

Duk wannan da sauƙi, ana iya kiransa son tsofaffin kaya a yi dariya a wuce. Abin da ya fi nauyi shi ne rowa. Wani yaro mai shagon gyara a bakin titi, filasma da waya ne aikinsa, aka kai masa tsohon Trinitron daga wani gidan gem, domin masu wasannin da har yanzu sun fi son mai ƙeya. Ya yi iya yinsa ya kasa, aka ce masa akwai wani tsoho da ke da takardu. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi.

Ya ce, “Baba, an ce kana da dayagiram ɗin wannan modal ɗin. Ko za a taimaka mini da aro, gobe in dawo da shi.”

Na san adakar da yake ciki, na san ledar, na san ko na nawa ne daga sama. Na ce, “Zan duba.” Ya dawo na ce ban gama dubawa ba. Da ya sake dawowa kunya ta kama ni, na fito da shi, amma da sharuɗɗa: ya wanke hannu da sabulu, ni zan riƙe takardar, shi ya kalla, kada yatsa ya taɓa. Haka muka tsaya a zaure, na baje hannuwa da taswira, yaro yana leƙe yana kwafar lambobi a bayan katin waya. Cikin ɗan lokaci ya gano inda wutar ta tsaya, wurin da ni ma shi zan fara zarga. Ya yi godiya har ƙasa. Maimakon in ji daɗi, wani abu ne ya tokare mini ƙirji, na ga ai yanzu mu biyu muka sani.

Shekara da shekaru ina cewa ilimi nake adanawa don na baya. Ga na baya ya zo har gida ya durƙusa, na sa shi wanke hannu. Da ɗana ya ce a kawo na'ura a ɗauki hoton kundayen duka a zuba a kwamfuta, sai na ce hasken na'ura na cin tawada. Da ya ce to da waya, na ce ninkin takardar ba zai jure buɗewa ba. Ran da ya nuna mini a intanet cewa wani kundin Grundig da nake taƙama babu mai irinsa, tuni wasu masu irin ciwona a Turai sun ɗauki hotonsa sun saka kyauta ga duk mai so, ban ci tuwon dare ba. Na ce nasu bai fito sosai ba. Ya fito sosai.

Wadda ba ta neman izinina gara ce. Na yi mata duk abin da aka sani: adaka a kan bulo, leda a kan leda, kafur a kowane lungu har kundayen suna warin kayan lefe. Duk da haka wata damina ta biyo ta bayan kabad ta shiga kwalin kundayen Sanyo da Sharp ta ƙasa. Daga sama lafiya lau, da na ɗaga sai ƙasa ta zubo. Ta cinye ɓangaren wuta na wajen rabinsu, ta bar mini bango da jerin lambobi. Da na bar yaron nan ya ɗauki hotonsu da suna nan. Na san haka, na kuma faɗa wa kaina haka, sannan na sayo ƙarin kafur.

Maganar ta kai gaban liman, ba don na kai ta ba. Hajiya ce ta aika ƙaninta ya yi tambaya a majalisi bayan sallar asuba, ba a kama suna ba, amma duk sahu aka juyo ana kallona: mene ne hukuncin wanda aka ba kayan gyara ya riƙe har mai kaya ya rasu? Liman ya ce amana ce, a nemi magada a mayar musu, kuma kada a jinkirta. Na ce Allah ya saka wa Malam da alheri. Na dawo na duba, akwai akwatuna da dama da masu su sun riga mu gidan gaskiya. Na ɗauki guda, na gyara shi tsaf cikin yini ɗaya, abin da ya nuna dama can ba wuya, na sa a amalanke na kai gidan. Babban ɗan mamacin ya fito ya dube shi ya dube ni, ya ce, “Baba, don Allah ka riƙe, mun yafe duniya da lahira. Ina za mu sa shi?” Na yi ta cewa a'a, a'a, ai hakkinku ne, amma mai amalanke shaida ne, tun kafin yaron ya rufe baki na riga na ce a juya.

Shi kuwa nawa ɗan, ran nan na ji shi yana tambayar wani ɗan gwangwan nawa suke sayen kilon takarda. Ya ce wai tambaya ce kawai.

Wannan tambayar ce ta sa na aika a kira yaron mai shago. Mun yi yarjejeniya: duk Asabar zai zo da wayarsa ya ɗauki hoton shafuka, ni ina buɗewa, shi yana ɗauka. Na fara da waɗanda nake da biyu-biyu, sannan na Amurka da babu mai bukata, na Trinitron kuma na ce sai an gama sauran. Yaron bai yi gardama ba. Ashe duk abin da ya ɗauka yana tura wa abokan sana'arsa, su ma suna turawa gaba. Bayan 'yan makonni na je sayen dalma a kasuwa, wani makaniki da bai san ni ba ya ga ina kallon fanel ɗin da ke gabansa, ya ce, “Baba, ka san aikin ne? Tsaya in nuna maka wani abu,” ya buɗe wayarsa. Kundin National ne, ɓangaren launi, ga tabon man ƙuli a kusurwa. Na ce, “Ina ka samu?” Ya ce, “Wallahi yawo yake yi, an ce na wani tsoho ne marowaci, da kyar aka ƙwato.”

Na dakatar da ɗaukar hoto sai an yi mini hatimi mai sunana, wanda za a buga a kan kowane shafi kafin waya ta gan shi, a tsakiya, inda ba a iya yankewa. Na kai aikin wurin mai sassaƙa hatimi a bakin kasuwa, na biya rabin kuɗi. Ya karɓa ya jefa a aljihu, ya ce in dawo jibi.